Dutse Mai Tauraro a Bangon Rijiya

Kwanakin baya jikana ya ɗauko ni daga wurin likita, cunkoso ya sa ya ratsa da mu ta Awali, unguwar gonakin dabino ta nan Madina. Na ce ya tsaya. Ya tsaya, na sauke gilashi, na duba gabas na duba yamma, na rasa inda nake. Wurin da na sani da doguwar katangar laka, kawunan dabino na leƙowa ta samanta, yanzu kwalta ce shimfiɗe, da wani ƙaton ɗakin biki mai ƙyalƙyali, da wurin wankin motoci. Na nuna masa daidai inda ake goge wata baƙar mota, na ce a nan akwai rijiya, a bakinta na yi samartakata. Ya amsa mini da Larabci, kamar yadda dukkansu suke yi yanzu, wai Jaddi, wato Kaka, rana ta yi zafi, mu tafi. Hausa yana jin ta sarai, bakinsa ne ya ƙi ɗaukarta. Na so in yi masa faɗa, sai na ga ba shi ya cike rijiyar ba, na ce ja mu je. Amma tun daga ranar wani mutum ya dawo mini a rai ya zauna, kuma na san ba zai tashi ba sai na faɗi abin da na yi masa.

A zamanin da nake magana, kunne ke gane Awali kafin ido. Tun daga nesa za ka ji injinan ban ruwa, waɗanda muke kira makina, suna bugawa tak, tak, tak, kowace gona da muryar tata, har in ta maƙwabci ta yi shiru ka san yau akwai wanda zai sha faɗa. Ƙarƙashin wannan bugun akwai kukan kurciyoyi, da gudun ruwa a fangali, da takun jakunan da ke fita da ciyawa zuwa gari. Mu a Harra ta Gabas muke zaune, cikin gidajen baƙin dutse, inda ƙasa ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da hantsi unguwarmu sai amon turmi da ƙamshin gyaɗar da mata ke soyawa don talla. Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan da ta Chadi duk a lungu ɗaya, kowa na yi wa ta ɗan'uwansa dariya. Yau in ka bi lungun ba abin da za ka ji sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki, kowa ya kulle ƙofarsa, maƙwabcinka sai ya yi wata yana jinya ba ka sani ba. Ba na cewa a da babu wahala. Akwai ta har ta yi yawa, ruwan sha ma a kafaɗa ake kawo shi cikin garwa biyu. Abin da nake cewa shi ne tsofaffinmu sun san abin da ya zaunar da su cikinta. In ka tambayi ɗayansu yaushe zai koma gida, sai ya nuna wajen Baƙi'a da haɓarsa ya ce, “Mu ba zama muka zo yi ba, jira muke.” Iyakar burinsu ke nan, su cika a Madina, a rufe su a maƙabartar da ke maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Cikin masu jiran nan akwai wanda muke kira Kawu. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Ayarinsu ɗaya da kakana lokacin da suka taso da ƙafa daga ƙasar Katsina, shi yana saurayi, Inna tana 'yar mitsitsiya, kuma a wuyansa ta ratsa rabin ƙasar Sudan. Shekaru suka yi a hanya, su yi noma a nan, su yi dako a can, kafin su ƙetare teku. Kakana ya yi dabara ya samo takardar zama ɗan ƙasa tun ana samunta da sauƙi, shi ya sa ni aka haife ni da tabi'iyya a hannu ban san zafinta ba. Kawu bai nema ba. An yi an yi da shi, ya ce wanda ya zo baƙunta gidan Manzo ba ya neman izinin zama wurin bawa irinsa. Ya shige gonar wani Balarabe a Awali, yana hawan dabino, yana sa wa matan dabinon furen namiji in lokacin ya yi, yana gyaran fangali, yana kwana a wata bukka jikin ɗakin makina. Muddin yana cikin katangar nan ba mai tambayarsa iƙama, takardar zaman baƙo, don mai gonar mutum ne da ake jin nauyinsa. Katangar ita ce takardarsa, kowa ya san haka, shi ma ya sani. A kusurwar bukkar akwai likkafaninsa a naɗe, wanda ya wanke da zamzam, duk shekara yakan fito da shi ya shanya don kada asu ya ci.

Ni na shiga gonar ina da shekara ashirin da 'yan kai, na koyi kanikanci, aka ba ni kula da makina. A nan na san Kawu da wani hali da ba na tsofaffinmu ba: tsintar duwatsu. Yana da wani gwangwanin man shanu cike da su, kowanne ya san inda ya ɗauke shi. Wannan ja daga bakin wani kogi a Chadi, wannan mai sheƙi daga tudun da suka binne wani abokin tafiyarsu, wannan baƙi mai ramuka na nan Harra ne. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba, amma in ya tsinci dutse sai ya lasa don launinsa ya fito, ya karta da wuƙa ya ga taurinsa, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ma'aikata suna tsokanarsa, “Kawu, yaushe za a ɗora sanwar? Yunwa muke ji.” Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ku kuna taka ƙasa ne kawai, ni ina tsayawa mu gaisa. Ni ma na yi masa irin wannan tsiyar ba sau ɗaya ba, har na fi kowa iyawa.

Wata shekara mai gona ya so a faɗaɗa birka, wato tafkin da makina ke zuba ruwa kafin a raba wa fangali. Baƙin dutsenmu ba ya saruwa, sai aka kawo mota guda ta farin dutse daga hanyar Yanbu. Ni da Kawu aka bar wa fasawa. Muna cikin yi da hantsi, ya buga wa wani curi guduma ya rabe biyu, sai na ga ya tsuguna a kansa.

“Kai, ajiye gudumar nan ka zo.”

“Kawu, gwangwani ya samu baƙo ke nan?”

“Zo dai ka sa ido tun ban ciro shi ba.”

Na zo na tsuguna. A tsakiyar curin, inda ko iska ba ta taɓa shiga ba, wani abu ne manne, kewayayye kamar ƙaramar waina, bai cika tafin hannu ba. Ya sa bakin wuƙa a hankali ya ɓamɓaro shi, ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa. Sai ga tauraro a bayansa, mai hannu biyar, kowane hannu an jera masa ɗige-ɗige layi biyu, daidai wa daida, kamar an bi da allura. Kawu ya juya shi. A cikinsa akwai rami ɗaya a tsakiya, da wani ƙarami can kusa da gefe.

“Ka ga wannan baki ne,” in ji shi. “Wannan kuma mafita. Abin da ke da baki da mafita ya taɓa cin abinci.”

Na tuntsire da dariya. “Haba Kawu, yanzu kuma dutse ne ke cin abinci?”

“To faɗa mini wanda ya shiga cikin dutse ya yi wannan zanen. Ka gani da idonka a rufe yake.”

“Na gani.”

“Madalla. Ni dai ban san sunansa ba, amma akwai wanda ya sani. In an gama cire dabino zan kai wa ɗaliban nan na gida masu karatu a nan, ko cikinsu akwai wanda ya taɓa cin karo da shi a littafi.”

Farin dutse ba shi da ƙwari, ya ji tsoron in ya sa shi a gwangwani sauran za su goge masa zanen. Sai ya yage wani baƙin ƙyalle ya naɗe shi, ya ɗaure da zare, ya yi masa ƙulli a kan ƙulli kamar yadda yake ɗaure komai nasa, ya cusa a wani ɗan kogo a bangon rijiya ta ciki, inda hannu ke kaiwa daga matakala. A gabana ya yi wannan ma.

Ba a yi wata uku ba ruwan rijiyar ya fara canzawa. Ya ja baya, ya yi zartsi, in ya bushe a fangali sai ka ga fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Ƙananan dabinai suka fara rawaya. Ni na san dalili, ba sai an gaya mini ba. Gonakin da ke kewaye da mu sun shigo da manyan injina masu haƙa zuwa can ƙasa, suna zuƙe ruwan daɗin, mu suna bar mana gishiri. Sau biyu ina ƙara wa makina bututu a wannan bazarar. Amma mai gona ba ya son jin haka, rijiyar ta kakansa ce, a wurinsa ba ta yin laifi sai dai a yi mata. A daidai lokacin ne kuma aka sa mini rana da 'yar Malam, dattijon da Hausawan unguwarmu ke kai wa ƙara da neman fatawa, wanda in ya yi magana ta zauna. Yaran yanzu suna zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo, har su yi musu. Mu a lokacinmu in ka hango surukinka sai ka sake hanya, in ba hali ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ba ka kama sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi. Musa masa magana kuwa a bainar jama'a, wannan ko a mafarki ba a yi.

Babban ɗan mai gona ne ya sauka duba ruwan, ya dafa bango, hannunsa ya faɗa kan ƙunshin. Baƙin ƙyalle, zare mai ƙulle-ƙulle, a ɓoye a bangon rijiyar da ta lalace. Ko ni ne ban san asalinsa ba, abin da zan zata ke nan. Mai gona, in faɗi gaskiya, ya yi mutunci gwargwadon ganinsa, bai kai maganar gaban hukuma ba. Ya aika aka kira Malam, ya ce ku kuka san kayan mutanenku, ku duba mini. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwar birka. Malam ya zo da dattawa uku. Aka kashe makina, kuma ban taɓa jin gonar ta yi shiru irin na ranar ba. Malam ya yi ta'awwizi, yana karanta Falaƙi da Nasi yana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, har ƙyallen ya buɗe. Ya ɗaga dutsen ya duba tauraron. Dattawan suka matso, ɗayansu ya ja salati.

“Hatimi ne,” in ji Malam. “Aikin hannu ne, ku dubi yadda aka jera ɗigon. Irin wannan bokayen can gida ke zanawa in za a ɗaure ruwa ko a ɗaure mutum.”

Kawu yana tsugune gefe, hularsa a hannu. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ba hannun da ya zana shi. Cikin farin dutsen birkar nan na fasa na same shi. Na naɗe ne don kada ya goge.”

“Dutse a rufe, da hatimi a cikinsa?”

“Wallahi haka na gan shi. Ga ɗan ƙanwata nan, tare muke, a gabansa na ciro.”

Duk suka juyo gare ni. Ina durƙushe a bayan tabarma, kaina a ƙasa, ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwallon dabino. Malam bai dube ni ba, shi ma kunyar ta hau kansa, ya yi maganar kamar da iska yake yi.

“An ce kana wurin. Ka gani?”

Kalma biyu ce, na gani. Na faɗe ta a bakin curin dutse ba tare da na yi tunani ba. Amma ranar in na faɗe ta, na ƙaryata surukina ke nan a gaban Balarabe da dattawa, bayan ya riga ya yanke. Na shekara da shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Yanzu da na tsufa ba ni da wanda zan yi wa ƙarya, tsoro ne na sa wa rigar kunya. Na ji tsoron a fasa auren, na ji tsoron a ce ni ma da hannuna a ciki, ga shi ni ke kwana da tashi a bakin rijiyar. Na buɗe baki na ce, “Ranar ina wajen makina, Allah gafarta Malam.”

Kawu bai ce na yi ƙarya ba. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya sa hularsa.

Abin da ya rage bai ɗauki lokaci ba. Dattawan suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus, na ji ɗayansu yana cewa dama Larabawa sun daɗe suna ce mana masu sihiri, in muka rufa wa wannan asiri gobe ba gonar da za ta ɗauki Bahaushe. Malam ya gaya wa mai gona sun wanke hannunsu. Mai gona ya ce albarkacin shekarun da suka yi tare ba zai kai shi ko'ina ba, amma shi ke nan, kada Juma'a ta same shi cikin katangarsa. Malam ya yi tofi a ruwa ya tsoma dutsen, ya ce a farfasa shi. Ni ne saurayi a wurin, ni ke da guduma, sai aka miƙo mini. Na ɗora shi a kan baƙin dutse na buga sau uku. Ba komai a cikinsa, ba gashi, ba rubutu, ba allura, farin gari kawai. Dattawan suka yi hamdala.

Da Inna ta ji, ba ta yi mini tsawa ba. Ta tambaye ni sau ɗaya, “Kana wurin ko ba ka wurin?” Na kau da kai. Ta ɗauki mayafinta ta tafi Awali da ƙafa cikin rana, ta same shi yana ɗaure kayansa, ta ce ya zo gidanmu, ɗakin zaure ba kowa. Ya ƙi. Ya ce in ya shiga gidan, Malam zai janye 'yarsa, ba zai rushe wa ɗanta aure ba. Ta dawo idonta jawur, ta yi kwana arba'in ba ta karɓi kwanon abinci daga hannuna ba. Sauran gidajen Hausawa kuwa ba wanda ya buɗe masa ƙofa, mutanen da ya sha hau musu dabino kyauta suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Ya koma yawo a gefen Harami yana sayar da asuwaki, yana wuni jikin katangar Baƙi'a. Sau biyu na hango shi daga nesa, sau biyun na shige lungu. Aka ɗaura mini aure, aka ci aka sha. Bayan aikin hajjin shekarar aka bi tituna ana tattara marasa takarda, kamar yadda ake yi kowace shekara, a wannan karon ba katangar da ta rufe shi. Wata mai sayar da gyaɗa ce ta ga an sa shi a mota, da ƙunshi ɗaya a hammata. Gwangwanin ya bar shi a bakin titi. Rijiyar kuma ba ta gyaru ba, ta ci gaba da zartsinta har aka daina ɗibarta, amma ban ji wanda ya ce kai jama'a, ko dai mun yi kuskure ba.

Shekaru suka ja, aka buɗe manyan ayyuka a Yanbu, na samu gyaran motocin masu yin hanya. Wata rana aka kira ni wata katafila ta tsaya a inda ake yanka wani farin tudu. Na sauko daga mota, na taka wani abu ya mirgina, na duba ƙasa, na tsuguna. Tauraro mai hannu biyar, da ɗige-ɗigensa. Na ɗaga kai na dubi bangon da aka yanka, ga su nan birjik, manya da ƙanana, wasu rabi a waje rabi a cikin dutse, leburori na ta shurinsu suna wucewa. Mai awon hanyar wani Bahaushen Sudan ne da ya yi karatun ƙasa da duwatsu, ya gan ni tsugune ya zo.

“Lafiya, ya hajji? Ka ga maciji ne?”

“Wannan mene ne?”

“Wannan? Bushiyar teku ce, Larabawa na cewa ƙunfuzul bahar. Nan duk da kake gani ƙarƙashin ruwa yake a da, tun ba a yi mutane ba. In ta mutu laka ta rufe ta, lakar ta zama dutse, ita ma ta zama.”

“Ba zanen hannu ba ne?”

Ya yi dariya ya ce wane mai haƙuri ne zai zana tudu guda. Ya juya ta ya nuna mini ramin tsakiya ya ce baki ne, na gefen kuma mafita, ɗige-ɗigen nan ƙofofi ne da take numfashi ta cikinsu. Da aka tashi aiki ya kai ni bakin teku, ya tona yashi da ƙafa ya ɗauko mini ɓawon wata da ba ta daɗe da mutuwa ba, mara nauyi, da sauran ƙaya a jikinta, da tauraronta sak irin na dutsen. Ya yi ta bayani yana jin daɗi, ni kuwa na juya masa baya ina kuka, ƙato da ni, da 'ya'ya uku. Mutumin da bai san bihim ba a boko ya karanta abin daidai tun ranar farko, mu masu baki muka taru muka kore shi.

Na dawo Madina da guda biyu a aljihu, na dutse da na yashi. Na je na durƙusa gaban Malam, ya tsufa sosai a lokacin, na ajiye su a gefen buzunsa na yi masa bayani kaina a ƙasa. Ya juya su, ya sake juyawa. Ya ce, “Allah ne masani. Mun yi hukunci da abin da aka shaida mana.” Na san ni maganar ta dosa, ni da aka nemi shaidata. Ban tara jama'a na wanke Kawu ba. Wanke shi yana nufin in ce surukina ya yi kuskure, ni kuma na yi ƙarya, sai na sake yin shiru, karo na biyu.

Abin da na iya shi ne neman wani ɗalibi ɗan ƙasar Katsina da zai tafi gida hutu. Inna ta tuna sunan ƙauyen da ayarinsu ya taso. Na ba shi na dutsen, na ce in ya samu tsohon da rai ya damƙa masa, ya gaya masa sunan abin da yadda ya zama dutse, ya ce ni na aiko. Bayan hutu ɗalibin ya zo gidanmu, muka zauna a zaure, Inna na bayan labule. Ya ce ya same shi. Ba wanda ya tuna danginsa a ƙauyen, a wani ɗaki jikin masallaci yake kwana, maƙwabta na miƙa masa tuwo, kuma idanunsa sun tafi. Ya ce da ya sa masa dutsen a hannu, tsohon ya bi tauraron da yatsa, ya juya ya laluba ramukan biyu, ya yi ta dariya har da tari. Ya sa an maimaita masa sunan sau uku, ya tambayi girman mai ran, da abin da take ci, da ko tana da ido.

“Da na ce kai ka aiko ni,” in ji ɗalibin, “sai ya daina dariyar.”

“Me ya ce?”

Ɗalibin ya sunkuyar da kai. Na ce ya faɗa yadda aka faɗa masa, kada ya rage.

“Ya ce in gaishe da ƙanwarsa. Kai kuma ya ce ya gode da sunan, ya daɗe yana son ji. Amma ya ce ranar nan ba sunan dutsen ya tambaye ka ba, don ya san ba ka sani ba. Abin da idonka ya gani kawai ya nema.”

Na tambaya ko ya ce ya yafe. Ɗalibin ya ce bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba, tambayarsa ya yi ko an faɗaɗa Baƙi'a, don ya ji ana cewa ta cika.

Da ɗalibin ya sake zuwa gida a shekara ta gaba, ya tarar an rufe shi tun farkon damina, a bayan ƙauyen, gefen wata gonar gero. Waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu ɗaya ba. Ni kuwa ga ni nan, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, likita na ta ƙara mini ƙwayoyi. Ban taka ƙasar Sudan ba, ban ɗauki kowa a wuya ba, ban yi jiran komai ba. Duk ranar da na cika, 'ya'yana za su nuna takardata, a sallace ni a Harami, a wuce da ni Baƙi'a, ba wanda zai tsayar da makarar ya tambaya ko wurin wani ne.